Maganin Isuhu da Kunyar Ɗan Fari

Zuwa ga ɗiyata Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ku Yashe lafiya, ke da jikana, angona Isuhu. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, Ya sa ku iske mutanen gida lafiya. Ki gaida maigidanki, ki gaida surukarki Inna da kyau, ki ce na gode da tattakin da ta yi har Kankiya don duba jikanta.

Na cusa takardar nan cikin jakar maganin yaron ne don na san nan kaɗai ba za ki yi kwana biyu ba ki buɗe ba. Za ki ce watanni muna ɗaki ɗaya, me ya hana ni faɗa da baki? Kin san halina. Bakina ya iya faɗa da mai awo a kasuwa, ya iya tsokanar jikoki, amma akwai maganar da in na ɗauko ta sai in kasa ƙarasa ta.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne zuwan Inna. Tana zaune kan tabarmata, ta ɗora Isuhu a cinya, ta ce da zarar kun koma ɗakinta zai koma, tunda ɗan fari ne, kuma uwa ba ta riƙon ɗan fari a gaban manya. Sannan ta dubi jakar maganin ta ce, "Maganin da aka ce shina taɓa ido, mi za a yi da shi? Tunda yaro ya samu sauƙi, a bar shi haka nan mana." Ni ba ita na kalla ba, ke na kalla. Kika sunkuyar da kai kina murza bakin mayafi. Murja, na san wannan sunkuyon. Ni na yi shi kafin ki zo duniya, kuma na fi ki iyawa.

A Fakuwa aka kai ni aure, a can na haifi yayanku babba, ba a daɗe da ba mu jiharmu ta Katsina ba. A lokacin babu matar da ta kai ni kunyar ɗan fari a duk unguwar. Ban kiran sunansa, ban ɗaukarsa in da mutane, ban kallonsa sai da wutsiyar ido. In ya yi kuka sai in ƙara ƙarfin daka. Kakarku Iya, uwar babanku, ita ke masa wanka, ita ke goyo, ni sai a miƙo mani shi ya sha nono a karɓe. Har misali ake yi da ni wa sababbin amare, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

Amma mai ba da nono ba a ɓoye mata komai. Yana 'yan watanni na fara ganin abin, yawanci in ya tashi daga barci. Sai kansa ya faɗo gaba, hannuwa su watsu, gwiwoyi su naɗe zuwa ciki, ya saki, ya sake yi, ya sake yi, sannan ya fashe da kuka. Ba ya daɗewa, kafin wani ya waiwayo ya wuce. Ni kaɗai nake gani, amma yaya zan faɗa ba tare da an gane ina kallon ɗana ba? Sau ɗaya na yi ƙarfin hali. Muna sussuka a tsakar gida na ce, "Iya, kamar yaron nan naku yana yawan zabura." Iya ta riƙe haɓa ta ce, "Ku ji mani ɗiyar zamani! Har kin hwara ƙirga mashi numfashi? Haƙora na, ko ciwon ciki. Mu da munka raini goma ba mu sani ba, sai ke?" Matan gida suka kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma daga ranar ban sake ɗaga maganar ba.

Yaron da ke yi wa Iya dariya ya daina dariya. Ya fara koyon zama, ya manta. Sa'o'insa suka yi rarrafe, suka yi tafiya, shi yana kwance. Sauran labarin kin san shi, don kin tashi kin iske yayanku zaune gindin darbejiyar ƙofar gida, da gemunsa, da maganar da ba ta wuce ta ɗan yaye ba. Iya ba muguwa ba ce, ta so shi fiye da ranta, Allah Ya jiƙanta. Kuma ban ce da na yi magana da lalle ya warke ba, wannan sanin Allah ne, balle a wancan zamanin da asibiti ke nesa. Abin da na sani shi ne na gani, na yi shiru, aka yabe ni a kan shirun.

Shi ya sa ranar da kika zo bikin ɗiyar kawunki, na ga Isuhu ya tashi daga barci ya yi wannan naɗewar a bayanki, na fizge shi a gaban jama'a, na sa aka ɗauki abin a waya don likita ya gani da idonsa. Kin ji haushina ranar, kin ce na tara maki mutane. To, na tara. Likitan yara da muka gani a Katsina ai kin ji abin da ya ce: wannan zaburar jarirai wani nau'in farfaɗiya ne, kuma duk lokacin da aka ɓata ba a tsayar da ita ba, ƙwaƙwalwar yaro ce ke biya. Don haka ki kalli ɗanki. Ki kalle shi da idanunki biyu, a gaban kowa. In kin ga zaburar ta dawo, ko da 'yar kaɗan ce, ki ɗauka a waya, ki saɓa shi ki nufi asibiti. Kada ki tsaya jiran sai manya sun gani sun yarda.

Bayan mun dawo Kankiya, babanku ya samu aikin masinja, ciwon yayanku ya rikiɗe ya zama farfaɗiya sosai, mai kayarwa. Aka ɗora shi kan wasu 'yan ƙwayoyi, kuma suka yi aiki. Ya daɗe bai faɗi ba. Sai na ce a raina ai ya warke. Gaskiyar magana ma ba wannan kaɗai ba ne, na gaji da a riƙa ganina a layin karɓar magani ana nuna ni da baki. Na tattara ƙwayoyin na jefa bayan akwati, ban gaya wa kowa ba. Ba a yi nisa ba, wata rana da hantsi ina talge, ya faɗi kusa da murhu. Faɗuwar da ban taɓa ganin irinta ba, jijjiga ta ƙi tsayawa, sai da aka kwashe shi a mota. Tabon ƙunar da ke hannunsa na dama daga nan ya samo shi.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ta wanke ni tas, kuma ta yi daidai. Ta ce irin wannan magani ba a yanke shi rana ɗaya, in lokacin bari ya yi likita ne zai riƙa ragewa a hankali. To ke ma ki riƙe wannan. Sauƙin da Inna ta gani a jikin Isuhu, maganin ne ya riƙe shi. Ba ke za ki ce ya isa ba, ba Inna ba, ba maigidanki ba, ba ni ba. Likita ya ce ba na har abada ba ne, zai duba ya ga lokacin da za a janye, sai ki jira shi. Kada kuma ki bari ya ƙare kafin ki nemi wani, don kin ga wahalar da muka sha kafin a samo shi, ba a kowane kemis yake ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki dama garin maganin da ruwa mai tsabta daidai yadda aka nuna maki, ki ja da sirinjin nan zuwa zanen da aka ce, ki ɗiga masa ta gefen baki, safe da yamma. Abin da ya rage a kofi ki zubar, kada ki ce asara ce ki ajiye na anjima. Na san ki da hannun miya, komai sai ki ce kin iya da ido. Wannan ba gishiri ba ne. Kuma yaron yana ƙara nauyi, tubarkalla, kumatu har sun fara rufe masa hanci, don haka duk zuwa asibiti ki sa a ɗora shi a sikeli, da nauyinsa ake auna abin da zai sha.

Wata rana wata za ta zo maki da ɗanta a goye, ta ce ta ji labarin naki ya samu sauƙi, ki ɗan sam mata. Za ki ji tausayi, don kin san abin da take ji. Ni na taɓa yi. Wata baiwar Allah daga Sukuntuni ta zo tana kuka, na ɓallo mata daga ƙwayoyin yayanku. Ɗanta ya wuni yana barci ba ya motsi, ni ma na wuni ina salati, ina jiran a zo a ce na kashe ɗan mutane. Allah Ya rufa asiri ya farka. Ba kowace jijjiga ce iri ɗaya ba, ba kowace ce maganin Isuhu zai yi wa ba. In kina son taimakonta ki yafa mayafi ki raka ta asibiti.

Yanzu bari in zo kan maganar ido, don a nan Inna take da gaskiya, kuma ban yarda ki yi mata ƙarya ba.

Kina makarantar kwana lokacin da faɗuwar yayanku ta dawo ta fi ƙarfin tsofaffin ƙwayoyinsa. Aka gwada wannan, aka gwada wancan, daga ƙarshe wani likita ya ƙara masa irin maganin nan da Isuhu ke sha, sai dai nasa ƙwaya ne. Sunan yana jikin kwalin, ni harshena ba ya juya shi. Likitan bai ɓoye mani komai ba. Ya ce ana ba manya ne in sauran sun gaza, kuma yana iya cin gani ta gefe, a hankali, ba zafi, ba ja, ba hawaye. Ya ce abin da ya ci ba ya dawowa, don haka lalle in riƙa kawo shi awon ido a kan lokaci. Na ce to. Faɗuwa ta ragu ƙwarai, har ya fara fita ƙofar gida shi kaɗai.

Na kai shi awon farko. Na biyu ban kai shi ba. Zan iya cewa damina ce, zan iya cewa hidima ce, amma ke ɗiyata ce, bari in faɗa maki yadda take. Ranar awon farko, a tashar mota, wata tsohuwa da ta san ni tun Fakuwa ta gan ni riƙe da hannunsa, ta ce, "Ikon Allah! Yau ke ce da ɗan fari hannu da hannu?" Da furfurata a ka, wannan 'yar maganar ta hana ni komawa. Na riƙa cewa sai wani watan, sai an samu wanda zai raka shi.

Alamu kuwa suna ta zuwa ina kau da kai. Ya riƙa buge kafaɗa da bakin ƙofa. In mutum ya zo ta gefensa sai ya firgita. Ni kuma tun yana yaro ban taɓa miƙa masa abinci gaba da gaba ba, sai dai in zo ta gefe in ajiye kwano in wuce, kamar yadda aka koya mani. Sai in dawo in iske tuwo ya huce bai taɓa ba, kaji suna ci. In hau faɗa, in ce ya fara iyayi. Ashe bai ga kwanon ba, Murja. Yana zaune da yunwa, abinci na kusa da gwiwarsa. Da muka koma asibiti, mai duba ido ya naɗe takarda kamar bututu ya ce in leƙa ta ciki, ya ce kusan haka ɗana yake ganin duniya yanzu. Aka janye maganin a hankali aka sauya wani. Abin da ya rage na ganinsa yana nan, abin da ya tafi ya tafi.

To kin ji. Ni ba labari aka ba ni ba. Abin da ciwon ke yi in an bar shi, da abin da maganin ke iya yi in ba a sa ido ba, duka biyun suna zaune a ƙofar gidana cikin mutum ɗaya. Kuma da sanina nake ce maki ki ba Isuhu maganinsa. Ba kowa yake taɓa wa ido ba, amma babu mai iya ce maki ba zai taɓa nasa ba, ko likitan bai yi maki wannan alkawarin ba. Na auna, na sake aunawa. Da za a mayar da ni tsakar gidan Iya, a ce ga magani, zai iya tsayar da zaburar amma zai iya rage masa gani ta gefe, wallahi da hannu biyu zan karɓa. Yaron da ke gani ta gaba kaɗai yana iya juya kansa. Ni nawa har yau bai iya gaya mani inda ke masa ciwo ba.

Amma karɓar magani da sakaci da awon ido, wannan laifina ne, kada ki gaje shi. Isuhu jariri ne, ba zai ce maki gefe ya yi duhu ba. Duk ranar da aka rubuta maki ta awo ki je, ko ana ruwa, ko ana shuka, ko ana biki a gidan. Awon ba ya hana ɓarna, amma yana sa likita ya san abin da ake ciki ya yanke shawara da wuri. A gida kuma ki lura. Ki riƙa zuwa masa ta dama da ta hagu ba tare da kin yi magana ba, ki ga ko zai juyo. In ya fara rarrafe yana yawan karo da abin da ke gefensa, ki faɗa. Barcin da maganin ke sa shi mun saba da shi, amma in ya wuce misali, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki, ko kika ga wani motsi da ba ki san shi da shi ba, wannan ba na jira ba ne.

Duk wannan aikin, gaya mani, wa zai yi shi in yaron yana ɗakin Inna ke kina kallonsa da wutsiyar ido?

Ban ce ki yi wa surukarki rashin kunya ba. In na ji kin ɗaga mata murya, ni da kaina zan zo Yashe in ja maki kunne. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki yi mata shara, ki kai mata ruwan alwala. Ta goya jikanta ta wuni da shi, haƙƙinta ne. Ta sa a yi masa tofi, a yi masa addu'a, duk muna so, mu ma muna yi, wanda Ya saukar da cuta Shi Ya saukar da magani. Jiƙe-jiƙe ne kawai ban yarda a ɗura masa ba sai an tambayi likita. Amma jakar magani a ɗakinki za ta zauna, da hannunki za ki ba shi, kuma a gefenki zai tashi daga barci, don a lokacin ne abin yake nuna kansa. In ta sake cewa a bar magani, ki ɗago kanki ki ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba za a bari ba sai likita ya ce." Ki faɗa a hankali. In ta maimaita ki maimaita.

Za su yi magana. Za a ce ɗiyar Kankiya ba ta da ta ido, tana rungumar ɗan fari kamar a kanta aka fara haihuwa. Ki ce masu a wurin uwarki kika gada, su zo su same ni, ina gida. Na sha yabo a Fakuwa har na ƙoshi, ban ga abin da ya tsinana mani ba. Waɗanda suka yi mani dariya a wurin sussuka, babu ɗayarsu da ta taɓa zuwa ta taya ni ɗaga shi in ya faɗi. Maigidanki mutumin kirki ne, amma na lura shi ma in ana maganar yaron sai ya kama duba wayarsa. Ki miƙa masa ɗansa a hannu ranar asibiti, ya shiga wurin likita ya ji da kunnensa. Uwarsa za ta fi jin maganar daga bakinsa. In kin ga dama ma ki karanta mata takardar nan, babu abin da na rubuta da nake jin kunyarsa yanzu.

Saura abu ɗaya. Jiya bayan Inna ta tafi, kina ɗaki kina haɗa kaya, na zuba tuwo na fita gindin darbejiya. Maƙwabta suna zazzaune a ƙofar gidajensu. Na zagaya na tsaya a gabansa sosai, inda ganinsa ke kaiwa, na durƙusa na ɗora masa kwanon a hannu. Sannan na buɗe baki na ce, "Lawal."

Bai amsa ba. Ya juya kai dama, ya juya hagu, yana neman wanda ya kira shi. Ina gabansa, yana ganina, amma bai kawo ni ce ba, don tun da aka raɗa masa sunan bai taɓa jin sa a bakina ba. Na ji wata a bayana ta ce, "La'ilaha illallahu, yau kuma?" Ban waiwaya ba. Na sake kira, da ƙarfi. Yau da safe ma na kira, gobe ma zan kira, har ranar da zai gane muryar uwarsa ce.

Kada ki bari naki ya yi gemu kafin ya ji sunansa a bakinki. Kina sauka Yashe, a tsakar gida, a gaban Inna da kowa, ki ce Isuhu lokacin shan maganinsa ya yi.

Allah Ya tsare ki, Ya tsare maki aurenki. Allah Ya ba Isuhu lafiya mai ɗorewa, Ya kare masa hankalinsa da ganinsa, Ya raya mana shi cikin imani. Allah Ya sa ku sauka lafiya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Ni ce mahaifiyarki,
Uwar Lawal.